Shiru Ma Magana Ce: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Sauraron Zafi Da Sanyin Fata

Ɗalibin Hausa da ya zauna ya bi sawun kalmar "zafi" a cikin zantukan yau da kullum zai tarar tana ɗauke da kaya biyu. Ana cewa rana ta yi zafi, shayi ya yi zafi, ƙarfe ya yi zafi. Ana kuma cewa allura da zafi, haihuwa da zafi, rabuwa da masoyi da zafi. Wuta da ciwo suna ɗaya Bahaushe ya raɗa musu. Barkono ma ya shiga sahu, domin ko a cikin abincin da ya kwana ya huce aka tauna shi, mai taunawa zai ce bakinsa na zafi. A ɗaya gefen akwai "sanyi" da "ɗari", na farko mai laima irin na damina, na biyu busasshe irin na hunturu. A tsakaninsu ga "ɗumi", wanda ba ya cizo, shi jariri ke nema a jikin uwarsa, shi tsoho ke nema a bakin murhu. Dukkansu kuma da aikatau guda ake kama su, wato "ji". Ana jin zafi, ana jin sanyi, ana jin ɗumi, kamar dai yadda ake jin magana.

Wannan aikatau ya dace da abin da masu binciken jijiyoyi suka gano a jikin mutum da na dabba. Fata mai kawo rahoto ce, ƙwaƙwalwa kuma mai saurare. Hausawa sun daɗe da cewa jiki magayi. Abin da ya rage a tambaya shi ne, me fata ke faɗa, ta wace hanya maganarta ke isa, kuma me ke samun mutum ranar da ta daina faɗa.

Maƙeri da fatarsa

A wani gari na ƙasar Damagaram akwai wani dattijo maƙeri da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya yi fiye da shekara arba'in a gaban wuta. Bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Idan ya sa ƙarfe a gawayi, yaro na buga zuga-zugi, launi yake kallo, daga ja mai duhu zuwa ruwan goro zuwa fari. Idan kuma ƙarfen ya bar wuta ya koma baƙi, ido ya daina amfani, sai ya kusanto da bayan hannunsa, bai taɓa ba, ya ce wa yaron: "Bar shi tukuna, da sauransa." Wani lokaci ya ce: "Ɗauka, ya huce." Ba a cika ganin ya yi kuskure ba. Awartaki da masaba da uwar maƙera kayan aikinsa ne da kowa ke gani. Fatarsa ita ce kayan aikin da ba wanda ya taɓa lissafawa, har shi kansa.

Abin da ke faruwa a bayan hannun nan nasa, masana sun shafe fiye da ƙarni suna warware shi. A 1882 wani Basuwide mai suna Magnus Blix, a jami'ar Uppsala, ya riƙa taɓa fata da ɗan tsinin ƙarfe mai ɗumi ko mai sanyi, wuri bayan wuri. Sai ya ga fata ba ta jin komai bai ɗaya. Akwai ɗigo-ɗigon da sanyi kaɗai suke ji, akwai waɗanda ɗumi kaɗai suke ji, akwai kuma filin da ke tsakani wanda ba ya amsa ko ɗaya. Alfred Goldscheider a Jamus da Henry Donaldson a Amurka sun samu irin wannan sakamako cikin shekaru uku da suka biyo baya. Sun kuma lura ɗigon sanyi ya fi na ɗumi yawa nesa ba kusa ba. Tun daga nan aka san cewa masu kawo labarin sanyi daban, masu kawo labarin ɗumi daban.

Tun kafin su, a 1690, masanin falsafar Ingila John Locke ya ambaci wani abu da kowa zai iya gwadawa da ƙore uku. A zuba ruwan randa a ɗaya, ruwan ɗumi sosai a ɗaya, ruwa tsaka-tsaki a na uku. A tsoma hannun dama a na farko, na hagu a na biyu, a jira kaɗan, sannan a haɗa su a na uku. Hannun dama zai ce ruwan da ɗumi, na hagu zai ce da sanyi, alhali ruwa ɗaya ne. Ke nan fata ba lamba take karantawa ba kamar ma'aunin asibiti. Sauyi ya fi damun ta: daga ina aka fito, ina aka dosa, da wane sauri. Shi ya sa maƙeri ya saba da hucin da zai kori baƙo daga maƙera, amma ya lura nan take idan hucin ya ƙaru ko ya ragu.

Ƙofofin da ke bakin jijiya

A ƙarƙashin fata akwai bakunan jijiyoyi siri-siri, waɗanda gidajensu ke jere a gefen ƙashin baya. A jikin kowane baki akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin da ido ba ya gani. Idan ƙofa ta buɗe, gishirin da ke narke a ruwan jiki sai ya kwarara cikin jijiyar, ya tayar da ɗan tartsatsin lantarki, tartsatsin ya bi jijiya ya nufi laka. Wannan tartsatsi shi ne harshen da fata ke magana da shi. Ba shi da kalmomi, sai dai yawansa da saurinsa da kuma jijiyar da ya biyo.

Barkono ne ya nuna wa masana ƙofa ta farko. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka nemi abin da sinadarin yajin barkono, wato kafsaisin, ke kamawa a jikin jijiya. Suka samo wata ƙofa da yanzu ake kira TRPV1. Da suka ɗumama ta ba tare da barkono ba, sai ta buɗe da kanta a wajen digiri 43 na ma'aunin Salshiyas. Wannan lamba tana da ma'ana. Binciken da Alan Moritz da Frederick Henriques suka wallafa a 1947 ya nuna fata na ƙonewa a digiri 44 idan ta daɗe awoyi a kai, a digiri 60 kuwa ƴan sakan kaɗan sun isa. Ƙofar tana buɗewa ne daidai bakin iyakar da ɓarna ke farawa, kuma jijiyar da ke ɗauke da ita jijiyar ciwo ce. Wuta da barkono da raɗaɗi hanya ɗaya suke bi, don haka Bahaushen da ya haɗa su a kalmar "zafi" bai yi nisa da gaskiyar jiki ba.

A 2002 aka gano ƙofar sanyi, TRPM8. Ɗakin binciken Julius da na Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut da ke aiki a Kalifoniya, kowanne ya same ta da kansa. Tana buɗewa idan fata ta sauka ƙasa da wajen digiri 26, tana kuma buɗewa idan ta haɗu da mantol, sinadarin da ke cikin na'ana'a. Wanda ya sha shayi mai na'ana'a ya ja numfashi ya ji iska ta yi sanyi, ko wanda aka shafa wa man zafi a goshi ya ji kamar an ɗora masa tsumma mai ruwa, wannan ƙofa ce aka ruɗa. Fatar ba ta sauka ko digiri ɗaya ba, amma rahoton sanyi ya tafi, ƙwaƙwalwa kuma ta gaskata. A 2021 aka ba Julius da Patapoutian kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda wannan aiki da wanda ya shafi jin taɓawa.

Zafin ƙuna bai dogara da ƙofa ɗaya ba. A 2018 masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, ƙarƙashin Thomas Voets, suka nuna cewa a jikin ɓera ƙofofi uku ke tsaron wannan iyaka: TRPV1 da TRPM3 da TRPA1. Idan aka cire ɗaya ko biyu, ɓeran na ci gaba da janye ƙafarsa daga wuri mai zafi. Sai an cire duka ukun yake tsayawa har ya ƙone. Masu gadi uku aka sa a ƙofa guda, domin abin da ake tsaro ya kai a yi masa haka.

Hanyoyi uku daga laka

Saƙonnin ba su tafiya da sauri ɗaya. Jijiyoyin da ke da ɗan rufin kitse suna kai saƙo da gudun mitoci da dama a sakan guda, su ne ke ɗauke da sanyi da kuma sukar farko ta ƙuna. Waɗanda ba su da rufi suna tafiyar wajen mita 1 a sakan, su ne ke ɗauke da ɗumi da raɗaɗin da ke biyo baya. Shi ya sa wanda ya taka garwashi yake jin ciwo sau biyu, wani kamar tsinke, wani kuma daga baya mai yaɗuwa.

Idan saƙo ya isa laka, sai ya rabu gida uku. Na farko ba ya ma hawa sama. Laka da kanta take ba tsoka umurnin janye hannu, kamar mai unguwar da ya ga gobara ya sa a ɗebo ruwa kafin ya aika fada. Hannun maƙeri ya riga ya bar ƙarfe kafin maƙerin ya san ya taɓa.

Na biyu yana tsallakawa ɗaya gefen lakar ya hau zuwa talamus, wanda za a iya kira zauren ƙwaƙwalwa, inda saƙonnin jiki ke tsayawa kafin a shigar da su ciki. Saboda wannan tsallakawa, zafin hannun dama a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ake jin sa. Daga zaure saƙon na wucewa zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, a nan ne mutum ke sanin cewa abu ya yi ɗumi ko ya yi sanyi, kuma a wane wuri na jikinsa. Arthur Craig, wani mai binciken jijiyoyi a jihar Arizona, ya nuna da hoton ƙwaƙwalwar mutane a 2000 cewa sanyaya tafin hannu na tayar da wani yanki da ke ɓoye cikin lanƙwasar gefen ƙwaƙwalwa. Sunan yankin insula, wato tsibiri a harshen Latin.

Na uku ba ruwansa da sani. Yana bi ta wata tasha a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira farabirakiyal, ya isa gaban haifotalamus, inda ake riƙe zafin cikin jiki a wajen digiri 37. Kazuhiro Nakamura da Shaun Morrison ne suka bayyana wannan hanya a 2008, da binciken da suka yi kan manyan ɓeraye a jihar Oregon. Daga nan ake ba da umurnin gumi, da matse jijiyoyin jinin fata, da tayar da gashi, da karkarwa. Aikin kamar na uwargida ne da ke gyara wutar murhu ba tare da ta sanar da kowa ba. Fata na sanar da ita tun iska ta fara juyawa, kafin sanyin ya kai cikin jiki, don ta yi shiri da wuri. A 2017 Nakamura da abokansa a jami'ar Nagoya ta Japan suka ƙara nuna wani abu: ɓerayen da aka lalata musu hanyar talamus sun ci gaba da guje wa dandamali mai zafi ko mai sanyi suna komawa mai daɗi, amma waɗanda aka toshe musu tashar farabirakiyal sun daina. Neman inuwa, ashe, ya girmi sanin cewa rana ta yi zafi.

Wannan hanya ta uku ce ke bayyana abin da duk wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro ya sani. Jiki na zafi kamar tanda, mai shi kuma na karkarwa yana neman bargo. Cuta ta sa jiki ya fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda ya ɗaga matakin da haifotalamus ke nema, a ce daga 37 zuwa 39 ko 40. Muddin jiki bai kai sabon matakin ba, ƙwaƙwalwa na ɗaukar cewa ana cikin sanyi. Idan magani ya sauko da matakin, sai gumi ya keto, domin yanzu jikin ya wuce abin da ake so.

Ɗumi da shirun sanyi

Cikin abubuwan da aka daɗe ana nema akwai ƙofar ɗumi, wato mai jin sauyi mai laushi daga digiri 32, inda fata ke zaune, zuwa 36 ko 38. Amsar da ta fito daga cibiyar Max Delbrück ta birnin Berlin a 2020 ta zo da ba-zata. Ɗakunan binciken James Poulet da Gary Lewin sun horar da ɓeraye su lashi ruwa duk lokacin da suka ji farantin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ta gaba ya ƙara ɗumi. Ɓerayen sun koya, har suna gane ƙarin digiri 1 kacal. Da aka cire musu ƙofofin zafi, sun ci gaba da ganewa, ko da yake ba kamar da ba. Da aka cire musu ƙofar sanyi, TRPM8, sai suka kasa gane ɗumi kwata-kwata.

Dalilin shi ne, akwai jijiyoyin sanyi da ba su yin shiru ko a lokacin da babu abin da ke faruwa. Kullum suna aika ɗan tartsatsi, kamar mai gadin da ke buga sanda a ƙasa lokaci-lokaci don a san yana nan. Idan fata ta fara ɗumi, sai su rage, ko su tsaya. Ƙwaƙwalwa na haɗa wannan tsayawa da muryar jijiyoyin da ɗumin ya tayar, daga nan ta yanke cewa ɗumi ne. Idan aka rasa mai buga sandar, babu wanda zai yi shirun da za a lura da shi. Shiru ma magana ce, in ji Hausawa, amma sai daga bakin wanda aka saba jin muryarsa.

A 2023 ɗakin binciken Poulet ya wallafa inda wannan lissafi ke haɗuwa a ƙwaƙwalwar ɓera: bayan tsibirin nan, insula. Sun sami ƙwayoyin jijiya masu amsa sanyi, da masu amsa ɗumi, da masu amsa duka biyun, a cakuɗe wuri ɗaya. Na sanyi suna tashi da sauri su lafa da sauri, kuma girman sauyi suke bi. Na ɗumi suna tashi a hankali, kuma matakin da zafin ya kai suke bi. Da aka kashe aikin yankin na ɗan lokaci ta hanyar haske, ɓerayen suka daina lasar ruwa, kamar farantin bai sauya ba. Da aka saki yankin, suka koma aikinsu.

Akwai tsohon gwaji da ke nuna irin wannan lissafi a jikin mutum. A 1896 Torsten Thunberg, shi ma Basuwide, ya jera sandunan ƙarfe, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, bi da bi. Babu wadda za ta cutar idan aka taɓa ta ita kaɗai. Amma wanda ya ɗora tafinsa a kan duka sai ya fizge, yana jin ƙuna. Bayanin da Craig da Catherine Bushnell suka bayar a 1994 shi ne, muryar sanyi ta saba danne wata hanyar ciwo, sandunan ɗumi kuma sun rage wannan murya, sai ciwon ya sami sarari. Ƙunar a ƙwaƙwalwa aka haɗa ta, fatar lafiyarta ƙalau.

Kowace dabba da ma'auninta

Ƙofofin nan tsofaffin kaya ne da dabbobi suka yi tarayya a kai, amma kowace ta gyara nata daidai da rayuwarta. Kaza na da TRPV1 mai jin zafin wuta, sai dai barkono ba ya buɗe ta, kamar yadda Sven-Eric Jordt da Julius suka nuna a 2002. Tsuntsu na cin barkono ba ya jin komai, ya tashi ya kai irin wani wuri, ɓera kuma, mai tauna iri ya lalata, yaji ya kore shi.

Mesa na da ƴan ramuka a leɓɓanta masu jin hucin jikin dabba daga nesa, haka ma macijin Amurka mai caki a wutsiya, wanda nasa ramin ke tsakanin ido da hanci. Elena Gracheva da abokan aikinta sun nuna a 2010 cewa ƙofar TRPA1 ce ke wannan aiki. Saƙon na bi ta jijiyar fuska ya isa yankin ƙwaƙwalwar da ke karɓar labarin ido, ya haɗu da shi. Ke nan abin da maƙeri ke yi da bayan hannu, mesa na yin sa da fuska cikin duhu, kuma a wurinta ya fi kusa da gani. Jemagen Kudancin Amurka mai shan jini ya sauko da matakin TRPV1 ɗin da ke kusa da hancinsa zuwa wajen digiri 30, da shi yake laluben inda jini ke gudana kusa da fatar saniya.

Raƙumi ya bi akasin haka. Binciken da aka yi a jami'ar Yale a 2016 ya nuna TRPV1 ta raƙumin Asiya mai tozo biyu, da ta wani kuregen Amurka, ba ta buɗewa ko an kai digiri 46. Tun a shekarun 1950 kuma Knut Schmidt-Nielsen ya auna raƙuma masu tozo ɗaya a Beni Abbas ta Saharar Aljeriya, ya ga wanda ke cikin ƙishirwa na barin zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma. Yana ajiye zafin rana a jikinsa maimakon ya kashe ruwa wajen gumi, dare ya yi ya sauke shi a iska.

Sauro ma na da darasi. A 2020 ɗakin binciken Paul Garrity a jami'ar Brandeis ta Amurka ya duba sauron Afirka mai yaɗa zazzaɓi, ya gano cewa ƙwayoyin da ke taimaka wa macen ta sami jikin mutum mai ɗumi ƙwayoyin jin sanyi ne, a kan siraran gasun da ke kanta. Idan ta kauce daga mutum suna tashi, idan ta doso shi suna lafawa. Da aka lalata su, neman ɗuminta ya ragu ƙwarai. Tsakanin ɓera da sauro akwai tazara mai nisa, amma dukansu da shirun sanyi suke gane ɗumi.

Shirun da ba magana ba

Dattijon nan maƙeri ya kamu da ciwon sukari bayan ya haura hamsin. Shekaru suka wuce, sai ƙafafunsa suka fara damun sa da dare, wani lokaci kamar an zuba musu barkono, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a kai. Daga baya duk wannan ya lafa, ya ce ya samu sauƙi, sai dai yana ji kamar auduga yake takawa. Abin da ya ɗauka sauƙi mutuwar jijiyoyi ce. Yawan sukari a jini na lalata su a hankali, yana farawa da mafi siranta da mafi tsawo, wato masu ɗauke da zafi da sanyi daga ƴan yatsun ƙafa. Kusan rabin masu wannan ciwo na haɗuwa da hakan idan ya daɗe a jikinsu.

Wani dare na hunturu aka shigar masa da kaskon garwashi ɗaki. Ya miƙa ƙafafunsa kusa, kamar yadda ya saba tun yana yaro, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ƙauri ne ya tashi matarsa.

"Maigida, janye ƙafarka! Wuta fa kake kai."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi ƙafar. "Ai ban ji komai ba," ya ce.

Gaskiya ya faɗa. Masu gadi uku na nan a rubuce cikin halittarsa, laka na nan a shirye, talamus da tsibiri da haifotalamus duk lafiyarsu lau. Hanya ce ta yanke. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta da yadda za ta bambanta ƙafar da ke cewa lafiya lau da ƙafar da ba ta iya cewa komai. Shirun jijiya mai rai labari ne, shirun matacciya kuma ba komai a cikinsa, amma dukansu iri ɗaya suke isowa.

Da safe ɗansa ya kai shi asibiti. Bayan an wanke raunin, ma'aikacin jinya ya kawo kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da ruwan sanyi, ya ce: "Baba, rufe idonka, ka faɗa mini wanne na taɓa ka da shi." A hannu bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. A gwiwa ma haka. A ƙauri ya fara jinkiri. A tafin ƙafa ya yi shiru, can ya ce: "Ka taɓa ne, yaro?" Raunin ya ɗauki watanni bai rufe ba, domin ciwon da ya kashe jijiyar saƙo ya rage gudun jini ma, a ƙarshe aka cire yatsa ɗaya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sarrafa wuta a maƙera, garwashin jin ɗumi ne ya ci shi.

Irin wannan gwaji na kwalabe biyu sananne ne ga masu aikin kuturta. Ƙwayar cutar, wadda Gerhard Hansen ya gano a Nowe a 1873, ta fi son sassan jiki masu sanyi, tana kuma zama cikin rufin jijiyoyi. Jin zafi da sanyi na cikin abin da ke fara ɓacewa a tabon fata. Yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Ƙuna ce da yanka da ƙaya waɗanda ba a ji ba, aka ci gaba da aiki a kansu har suka ruɓe. Mai tsinuwa ga zafi bai ga wanda aka ɗauke wa shi ba.

Jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba, amma ana iya ba wasu gaɓoɓi aikinta. Wanda ƙafarsa ta daina ji ya gwada ruwan wanka ko na alwala da gwiwar hannu kafin ya zuba. Kada ya taka rairayin rana ko simintin tsakar gida ba takalmi. Ya zazzage takalminsa kafin ya sa. Ya nisanta ƙafarsa daga kasko da murhu da bututun hayaƙin babur, idan ɗari ya dame shi ya sa safa. Kowane dare ya duba tafinsa da tsakanin yatsunsa, in ido ya yi rauni wani na gida ya duba masa. Wanda kuma ƙafarsa ta daɗe tana yi masa raɗaɗi da dare, rana ɗaya ta yi tsit, ya nemi likita kafin ya yi murna.